Jama'a wane suna za mu ba radon da Hausa?

Salam jama'a, ina neman kalma. Radon iska ce da ke fitowa daga ƙasa da duwatsu idan yuraniyom, wani ƙarfe da ke cikinsu, yana rugujewa sannu a hankali, ba launi ba wari, sai ta bi ta tsagar daɓe da gindin bango ta taru a ɗaki. Bayan sigari ita ce kan gaba wajen jawo ciwon dajin huhu, shi ya sa rashin sunan yake damuna sosai wallahi.

— Malam ai "iskar ƙasa" kawai.

Na yi tunaninta ɗan'uwa, amma ka ce wa dattijo akwai iskar ƙasa a ɗakinsa ka ga ko ba aljanu zai ɗauka ba. Wani kuma gas na girki zai zata.

— To "tururin ƙasa" fa?

Tururi ana ganinsa Hajiya, ana jin ɗuminsa, wannan kuwa sai da na'ura ake sanin tana nan.

Ni abin da nake so sunan ya ɗauko shi ne rashin zamanta wuri ɗaya. Da dare zuwa asuba an rufe ƙofa da taga takan yi yawa, da rana an buɗe ta ragu, lokacin sanyi kuma ta fi taruwa saboda iskar ɗaki mai ɗumi tana tashi sama tana zuƙo ta ƙasa ta cike gurbi, kamar gidan ne ke tsotsa. Cikin kwana 3.8 rabinta ya ruguje amma ƙasa ba ta fasa turo sabuwa ba. Don haka awon kwana biyu zai iya kwantar maka da hankali a banza, a Ingila wata 3 ake barin na'urar a gida sannan a ɗauki matsakaici, kuma matsakaicin shekara ne ake gwadawa da bekarel 100 (bekarel shi ne ma'aunin yawan radon ɗin) a kowace mita kubik ta iska, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawara a 2009.

— Kenan ƙasar shaƙa take tana fitarwa. Me zai hana "numfashin ƙasa"?

Kai madalla Yaya, wannan ta zauna min! Numfashi ba a ganinsa, yana hawa yana sauka, kuma ba ya tsayawa. Amma kar mu jefar da radon ɗin fa, don shi mutum zai gani a jikin na'urar awo da takardar sakamako. Zan riƙa rubuta "numfashin ƙasa, wato radon" a karon farko, daga nan in ci gaba da namu. Bekarel kam na bar shi yadda yake sai in wani yana da shawara.