Digiri na uku da kujerar firinsifal: ta ina mutum zai ji yadda malamansa ke kallonsa?

Ɗan Kumo:
Assalamu alaikum. Dan Allah masu riƙe da makaranta da ke digiri na uku ina neman shawara. Ni firinsifal ne a wata sakandare nan jihar Gombe, bincikena kan shugabancin makarantu ne. Ranar Juma'a sufabaiza zai dawo min da babi na biyu duk jan biro in ce na gode Farfesa, Litinin kuma in shiga mitin ɗin malamai komai na faɗa sai "haka ne ranka ya daɗe". Abin ya fara damuna gaskiya, don malaman wasu makarantu da nake hira da su suna faɗa min abubuwa kan shugabanninsu da wallahi ba za su taɓa faɗa a gaban idonsu ba. To nawa malaman me suke cewa?

'Yar Azare:
Wa alaikumus salam Malam. Ka duba tagar Johari da Joseph Luft da Harrington Ingham suka fito da ita a 1955, gida huɗu ce, wanda ya shafe ka shi ne abin da mutane suka sani game da kai amma kai ba ka sani ba. Ni lokacin ina karatu a ATBU, jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, farar takarda na raba wa malamaina, ba suna, tambaya biyu kawai, me zan ci gaba da yi me zan daina, aka zuba a kwalin alli. Akasarinsu abu ɗaya suka rubuta, wai jadawalin darasi a gama yake zuwa mitin, to shawarar me ake nema wajensu.

Malam na Tudun Wada:
Hajiya ban ƙi taki ba amma fa firinsifal ya san rubutun kowa, shi ke sa hannu a littafin shirin darasinsu duk mako, kuma ƙarin girmansu ta teburinsa yake bi, wa zai yi gangancin nan. Gara ya nemi malamin da ya kusa ritaya ko wani dattijo cikin 'yan SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su ba su da abin tsoro. Kuma Yallaɓai kada ka saka malamanka cikin waɗanda kake bincike a kansu, masu duba kundi za su kama ka a nan.

Abu Hanifa, Yelwa:
Ni yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022 ne ya canja ni, tun Fabrairu har Oktoba, wata takwas babina na jiran sa hannu ɗaya. Yanzu takardar hutun malami ko ta neman ƙaro karatu ba ta kwana a ofishina, na ɗanɗana jira na san zafinsa.

Ɗan Kumo:
Allah ya saka da alheri. Akwai wani Baba mai koyar da lissafi da zai ajiye aiki bana, shi zan fara samu. Hajiya in aka buga tambayoyin a kwamfuta su sa alama kawai fa, kina ganin za su saki jiki?