Rak ɗin PLC ɗina ya cika, in canza babba ko in ƙara na biyu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum injiniyoyi, dan Allah shawara nake nema. Ina kula da wani layin inji ne da ControlLogix na Allen-Bradley, wato PLC, kwamfutar da ke sarrafa injin. Rak ɗinsa, akwatin da ake jera katunan a ciki, mai silot 7 ne (ramin kati bakwai) 1756-A7 kuma wallahi ya cika taf, kanturola ɗaya, katin netwok EN2T, infut dijital biyu, autfut biyu, sai analog ɗaya. Yanzu an kawo sabbin sensa sai na ƙara analog biyu da kati ɗaya mai ƙirgen fols. Toh ni kaina ya ɗaure, in cire wannan in sa mai silot 10 ko 13, ko in bar shi yadda yake in ƙara wani rak ɗin daban? Fawa saflai ɗina, mai ba rak ɗin wuta, PA72 ne. Kuma oga ba ya son a tsayar da layi ya wuce ƴan awanni.

Amsa ta 1:
Wa alaikumussalam. Kar ka ɗauki mai 10 malam, kati uku za ka ƙara ka ga ya sake cika ranar da ka ɗora shi kenan. Girman da suke yi 4, 7, 10, 13 da 17 ne, in canzawa za ka yi ka tafi 13 kawai, silot ɗin da ya rage ka toshe da murfi N2 saboda ƙura.

Amsa ta 2:
Kafin maganar silot ɗauko tef ka auna fanel ɗinka tukuna. A7 faɗinsa wajen santimita 37 ne, A13 kuwa ya kusa 59, kuma ramukan kusoshinsu ba ɗaya ba sai ka yi sabon huji. Sannan a kwance kaɗai ake ɗaura shi kar wani ya ce maka ka tsayar da shi dan ya shiga, babu fanka a jikinsa, iska ce ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama, shi yasa ake barin kamar santimita 15 sama da ƙasa. Ni na taɓa cusa babban rak a ƙaramin fanel kwatar wayoyi ta danne shi ta sama, duk rana in zafi ya yi sai katin analog ya fara kawo karatun banza, mun yi sati muna zargin sensa ashe zafi ne.

Mai tambaya:
Na auna yanzu oga, 13 zai shiga amma da ƙyar, ta dama kusan zai taɓa kwatar wayoyi.

Amsa ta 3:
Ƙanena abin da mutane ke mantawa shi ne lissafin wuta, kowa silot yake ƙirgawa. PA72 yana ba da amfiya 10 a kan 5.1V, da 2.8 a kan 24V, amma duka jimla kar ta wuce wat 75, toh kar ka ɗauka za ka ja duka biyun har ƙarshe a lokaci ɗaya. Buɗe takardar kowane kati ka ga nawa yake ja daga allon bayan rak ɗin, ka tara na 5.1V daban na 24V daban, ka maida su wat ka haɗa. Kanturola da katin netwok su ne masu ci, infut dijital ba wani abu suke ja ba. In ka ga ka kusa bango akwai PA75 mai amfiya 13 a 5.1V, sai dai shi ma wat 75 ɗin ne fa, ba ƙarin ƙarfi ka samu gaba ɗaya ba. Da kati goma ina kyautata zaton za ka tsira amma ka lissafa da hannunka, kar ka ce ni na faɗa.

Amsa ta 4:
Ni dai ban yarda da canzawar ba. Ina sabbin sensa ɗin suke? In suna da nisa da fanel meye amfanin jawo wayar analog mai tsawo tana kwasar hayaniya a hanya? Sa ƙaramin rak kusa da su, fawa saflai nasa, EN2T nasa, ba ya buƙatar kanturola, waya ɗaya ta Ethernet ta haɗa su. Duk aikin nan za ka yi shi layi na gudu. Illarsa dai in netwok ya yanke katunan can sun ɓace, sai ka tsara me autfut zai yi in hakan ta faru.

Amsa ta 5:
Mu ƴan Siemens muna kallo 😂 a S7-300 kati 8 ne iyaka a layi ɗaya kuma ba a barin giɓi a tsakani, ya cika sai katunan haɗa layi IM360 da IM361 ka hau layi na biyu, ba ma wannan dogon tunanin.

Mai tambaya:
Sensa ɗin duk kusa suke, ba su fi mita 10 daga fanel ba.

Amsa ta 3:
Toh in haka ne canza rak ɗin ya fi sauƙi, in dai ka gyara maganar fili, ko da matsar da kwatar ne. Ka fara yin bakaf na firogiram, ka ɗauki hoto, ka liƙa lamba a kowane kati. Silot daga 0 yake farawa ta hagu, kowa ya koma lambarsa ta da, dan tag ɗinka, wato sunayen da firogiram ke kiran katunan da su, irin Local:3 da lambar silot suke tafiya, ka matsar da kati ɗaya ka jawo wa kanka aiki. Ba sai ka kwance waya ɗaya ɗaya ba, zare bulon tamina da wayoyinsa a jiki in suna da sarari. A Studio 5000, manhajar rubuta firogiram ɗin, ka canza girman rak zuwa A13 ka ƙara sabbin katunan kafin ranar aikin, a ranar dawunlod kawai za ka yi. Kuma ka kankare fenti inda wayar ƙasa (earth) za ta zauna. Kashe wuta gaba ɗaya fa, cire kati da wuta da ake cewa ana yi ba na canza rak ba ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na tara, wat 40 da ɗan wani abu na samu, PA72 ɗin zai ɗauka. Saura in ga ko wayoyin silot 5 da 6 za su kai, dan su ne aka ɗaure tamau.