Neman kalmar Hausa: me za mu kira littattafan mystery na ƙarnukan tsakiya?

Jama'a, ga abin da ya fito daga shawarwarinku kan sunan da za mu ba irin littattafan nan da Turawan Ingila ke kira mystery, musamman waɗanda labarinsu ya faru ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Tsarinsu sananne ne. An tsinci gawa, ba a san wanda ya yi kisan ba, sai wani mai lura ya shiga tambaye-tambaye har ya zaƙulo mai laifin a shafukan ƙarshe.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce a kira su labarin 'yan sanda, tunda haka Faransawa ke cewa, roman policier, Larabawa ma riwaya bulisiyya suke cewa. Malam, da a ce labaran duk na wannan zamani ne da na bi ka. To amma rundunar 'yan sandan Landan sai a 1829 aka kafa ta. Cadfael, gwarzon littattafai 20 da Ellis Peters ta fitar daga 1977 zuwa 1994, rahibi ne, wato Kirista mai zaman zuhudu, mai kula da lambun magunguna a gidan ruhubanawa na Shrewsbury, a shekarun da Sarki Stephen da Maud ke yaƙin neman gadon sarautar Ingila, wajen 1140. Ba shi da kaki ba shi da sanda. Abin da yake da shi sanin tsirrai ne, da sanin raunuka, domin ya yi aikin soja kafin ya shiga zuhudu. Fidelma ta littattafan Peter Tremayne kuwa lauya ce a Ireland ta ƙarni na 7. Sunan 'yan sanda bai ɗauke su ba.

Labarin al'ajabi da labarin sirri da wasu suka kawo ba sai an daɗe a kansu ba. Duk Bahaushen da ka ce wa za ka ba shi labarin al'ajabi, aljanu da tsafi zai jira, alhali sharaɗin waɗannan littattafai shi ne a ƙarshe a gano mutum ne ya yi, da dalili irin na mutane. Sirri kuma a kasuwar littattafanmu ya riga ya karkata wani wuri, ko dai sirrin zaman aure ko na malamai.

Wata Hajiya ta kawo labarin bincike, wasu suka ƙara da bin diddigi da binciken ƙwaƙwaf. Waɗannan sun fi kusa. Matsalar ita ce 'yan jarida sun riga mu, ɗalibin jami'a ma bincike yake yi. Ka rubuta "littafin bincike" a bango, mai saye zai ɗauka kundin digiri ne.

Ni dai inda na tsaya shi ne labarin bin sawu. Mun san masu bin sawu tun kafin a kawo caji ofis. A sace akuya da dare, da safe a kira wanda zai durƙusa ya duba ƙasa, ya ce wannan ƙafar namiji ce, ya ɗauki kaya domin sawun ya nutse, a nan ya tsaya ya huta, har a dangana da wata ƙofa. Aikin gwarzon waɗannan littattafai ke nan sak. Ku dubi yadda marubucin Italiya Umberto Eco ya buɗe littafinsa Il nome della rosa, wanda ya fito a 1980, labarin da ya faru a wani gidan ruhubanawa na arewacin Italiya a 1327. William na Baskerville da almajirinsa Adso suna hawa dutse, suka ci karo da mutane suna neman wani abu a gigice. William ya gaya musu dokin shugabansu suke nema, ya siffanta shi, ya nuna inda ya bi, ba tare da ya taɓa ganinsa ba. Sawun kofato a kan dusar ƙanƙara ya karanta, da rassan da suka karye, da gashin da ya maƙale a ƙaya.

Wani malami ya ja ni da cewa bin sawu na nufin koyi, kamar a ce yaro ya bi sawun mahaifinsa. Gaskiya ne, Allah gafarta Malam, amma da zarar ka sa "labarin" a gaba ruɗanin ya kau. Wani kuma ya ce ai ba kullum ake samun sawun ƙafa ba, wani lokaci guba ce ko wasiƙa. Haka ne. Sawu a bakinmu ya daɗe da wuce ƙafa, shi ya sa ake cewa ɓarawo ya ɓatar da sawu ko da a mota ya gudu.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne sunan na ba mu ma'aunin da masu karatu ke gardama da shi. Ƙorafin da aka fi yi wa Eco shi ne yana barin sawun ya shiga dogon wa'azi: rikicin ko Almasihu ya mallaki dukiya, jayayyar Fafaroma da sarki, ga Latin ba fassara. Shi kansa ya ce da gangan ya tsaurara shafuka 100 na farko. Ni ina ganin tauri ne mai biya, domin dalilin kashe-kashen yana cikin irin wannan jayayya ta malamai kan littattafai, ba wani wuri ba. Cadfael kuma akasin haka ake zarginsa da shi. Sawun a bayyane yake, karatun ba wuya, amma mai bin sawun tunaninsa ya fi kama da na mutumin ƙarni na 20, kuma da ka ga saurayi da budurwa masu son juna ka san ba su ne suka yi kisan ba. Wannan zargi akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, ko da yake bai hana ni jin daɗinsu ba.

Ku gwada sunan a kan labarin tuffa uku na Dare Dubu da Ɗaya. An ciro akwati daga kogin Dijla da gawar mace a ciki, Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta. Ja'afaru bai bi komai ba, gida ya koma ya zauna, mai laifin ne ya fito da kansa. Akwai gawa, akwai asiri, amma babu bin sawu, don haka bai shiga sahun ba.

Saura medieval, kalmar Turanci ta zamanin da labaran suka faru. "Zamanin da" ya yi faɗi, ya haɗa Fir'auna da kakanninmu. "Zamanin duhu" kuma hukunci ne, ba suna ba. Abin da ake nufi shi ne kusan shekara 500 zuwa 1500, wato a lissafin Kano ya haɗa da Bagauda har zuwa Muhammadu Rumfa da ya rasu a 1499. Ƙarnukan tsakiya ya wadatar, ya kuma yi daidai da abin da masu karatun Larabci suka saba ji. Cikakken sunan ke nan: labarin bin sawu na ƙarnukan tsakiya. Gwarzon kuma mai bin sawu. Wanda ke da abin da ya fi wannan gajarta ya kawo, in ba haka ba da shi za mu shiga jerin kalmomi.