Tsakanin Sony ZV-1 da DJI Osmo Pocket 3, wacce zan saya?

Assalamu alaikum. Masana kyamara, don Allah ku ba ni shawara. A Bauchi nake, ina neman ƙaramar kyamarar bidiyo ta ɗaukar suna, hawan sallah da yawon Yankari, don wayata da ta sha rana sai ta yi zafi ta tsaya.

Ta Sony ana canza mata batir, ga halin wutarmu kuwa kun sani. Ita DJI hotonta ba ya rawa ko kana tafiya, amma batirinta a ciki yake, kuma ina tsoron ƙurar hunturu ta shige wuyan nan nata mai juyawa. Wanda ya riƙe ɗaya a Arewa, yaya ta jure? In ta lalace, akwai mai gyara a nan, ko sai Kano?