Kasken da ake cewa yana kashe ƙara, wa ya gwada shi a nan Damagaram?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son sayen kaske marar waya mai ANC, wato tsarin kashe ƙarar waje, irin ƙaramin nan da yake zama bisa kunne, ba babban da yake rufe kunnen duka ba. Ido na yana kan JBL Tune 670NC, kamfanin ya ce batirinsa awa 70 yake yi in an kashe ANC, 44 in an kunna. Amma abin da ke rubuce a kwali daban, zaman gari daban, don Allah wanda ya taɓa sa irinsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Tela a Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni JBL Tune 660NC gare ni, yayan wannan da kake so, kuma abin da ya sa na saye shi grup ne, duk sa'ad da kuran ya ɗauke maƙwabcina zai tada nashi dab da ƙofar shago, ka wuni kanka na amsawa. Wallahi ranar farko da na danna maɓallin sai da na leƙa waje don na zaci man grup ɗin ne ya ƙare. Gurnanin nan mai kauri ya tafi, sai ɗan kaɗan can ƙasa. Muryar mutane kuwa tana nan, in mai kaya ya yi sallama ina jin shi, kuma ni haka nake so.

Mai gyaran salula: Abin da Malam tela ya faɗa haka aikinsa yake. Akwai ƙananan makirfo a jikin kasken, su ɗauki ƙarar waje, shi kuma ya fitar da kishiyarta a cikin kunne su kashe juna. Shi ya sa ya fi iko da ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, inji, fanka, grup. Kukan yaro ko odar kabu-kabu kafin ya kama ta har ta wuce. Kuma ku lura da kwali, in ENC aka rubuta wannan na kira ne, wanda kake magana da shi zai ji ka da kyau, kai ba abin da zai rage maka. Sony WH-CH520 da Beats Solo 4 ma masu zama bisa kunne ne, kaya masu kyau, amma ba su da ANC sam, kar wani ya ce muku suna da shi.

Ɗalibar jami'a: Yaya ni kam in kana sa tabarau ka yi tunani sosai. Nawa yana rage hayaniyar fanka in ina bita, wannan ban musa ba, amma yana danne kunne kan ƙafar tabarau, kafin in gama darasi ɗaya bayan kunnena ya yi ja yana zogi dole in cire. Bisa hijabi kuma ba ya manne da kyau, ƙara na shigowa ta gefe. Ga zafin watan huɗu da na biyar, gumi ya jiƙa soson, ledar ta fara ɓarewa tana bar mini baƙi-baƙi a kunci. Yanzu ina goge shi da ƙyalle duk na gama, na ɗinka mashi 'yar jaka saboda ƙurar hunturu.

Ɗan Garin Malam: A kar, wato babbar motar fasinja, na fi jin daɗinsa, Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900, na sa karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa ina ji tsaf ba sai na ƙure murya ba, na sauka ba ciwon kai. Sai dai in iska na shigowa ta taga tana bugun makirfo ɗin sai ka ji fuuu.

Mai gyaran salula: Wannan na rage murya shi ne babban amfanin a wurina. Hukumar lafiya ta duniya ta ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti), awa 40 a sati, shi ne iyaka ga babba, matasanmu kuwa a fada har na kusa da su yana jin abin da suke saurare. Amma don Allah kar a sa shi bisa moto.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. To na jabu fa, ya ake gane shi?

Tela a Zango: Kar ka ba da kuɗi sai an buɗe kwali. Sa shi ba tare da ka kunna komai ba, ka tsaya kusa da fanka ko grup, ka danna ANC ka kashe ka sake dannawa. Wani yaron shagona ya sayo mai arha, muryar mace na cewa an kunna amma ƙarar ko gezau. In kana so ka biyo shago bayan la'asar ka sa nawa, ka zauna da shi har a sauke shayi na biyu ka ji ko kunnenka zai ɗauka.