Wane nama Indiyawa ke sa wa a miyar korinsu?

Uwargida daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Maigidana ya yi wata biyu a Haidarabad ta ƙasar Indiya yana jinyar mahaifinsa da aka yi wa aikin gwiwa. Alhamdu lillahi Baba ya samu sauƙi, sun dawo, amma tun daga ranar ba shi da zance sai wata miyar nama da yake ci da shinkafa kusa da masaukinsu. Ya ce a takardar abincin "mutton" aka rubuta. Ranar Juma'a na aika aka sayo mini naman rago kilo 1, na soya albasa da tumatir, na zuba garin kori cokali biyu. Ya ci, ya sa albarka, amma bai ƙara ba, shi da ba ya tashi sai ya yi ƙari. Da na matsa masa ya ce tasu ta fi duhu da kauri, naman kuma ba shi da wannan kitsen. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin nan ya sha wahala a tafiyar, ina son in faranta masa. Don Allah wanda ya sani, wane nama ne, kuma me na rage?

Ɗan Jega, mai sayar da magani:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara 4 na yi a Haidarabad ɗin ina karatu. Abin da suke kira "mutton" a mafi yawan wurare naman akuya ne, ba rago ba. Ke kuwa jar akuyarmu ta ƙasar Sakkwato tana bakin ƙofarki. Ki ce wa mahauci ya ba ki kafaɗa da wuya na ɗan bunsuru, ya sara da ƙashinsa, domin ɓargon ne ke ba miyar jiki.

Garin korin leda kuwa ki ajiye shi, su ba da shi suke girki a gida ba. Matar da nake haya a gidanta takan kwaɓa naman da kindirmo, dakakkiyar citta da tafarnuwa, kurkum da jan barkono, ta rufe shi ya jiƙa. Sai ta zuba kanumfari da girfa da masoro a cikin mai mai zafi har su yi ƙara, sannan albasa, mai yawan gaske, tana juyawa har ta koma kalar dabino. Duhun da maigida yake faɗa daga nan yake, ba daga tumatir ba.

Kaza ta fi yawa a wurinsu saboda arha. Akwai wata da ake yi da man shanu da tumatir, wadda ta yi suna daga gidan abincin Moti Mahal a Delhi bayan rabuwar ƙasar da Pakistan a 1947. Naman saniya kuwa jihohi da yawa sun hana yanka ta, sai irin su Kerala, wani wurin kuma na ɓauna za a ba ka. Masu tafiya su kula da wadda ake kira vindaloo: asalinta daga Goa ne, inda Turawan Fotugal suka zauna har 1961, kuma da naman alade ake yin ta can. A tambaya kafin a ci.

Inna daga Argungu:
Ɗiyata, kada ki tsaya ga nama kaɗai. Mutanen bakin ruwa na can kifi ne abincinsu kamar mu, na kudu suna haɗa shi da madarar kwakwa da abin tsami. Ni da tarwaɗa nake yi. In wanke ta da ruwan zafi da toka har santsin ya fita, in jiƙa tsamiya in tace, in barbaɗa hulba 'yar kaɗan, don tana da ɗaci. In kifi ya shiga tukunya ba a sa ludayi, girgiza ta ake yi.

Malama daga Yawuri:
Da yawansu ma ba sa cin nama sam. Wake iri-iri ne jigon miyarsu, sai dankali da alayyafo da wani cuku da suke kira panir. Madara ake tafasawa a matsa lemon tsami ta tsinke, a tace a ƙyalle a danne. Kusan warar Fulani ce, sai dai tamu da tumfafiya ake tsinka ta.

Uwargida daga Birnin Kebbi:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya na gwada yadda Malam Ɗan Jega ya faɗa. Albasar Aliero manya shida na yanka, na tsaya a kanta kusan minti 40 a kan gawayi, idona na ruwa. Da naman ya nuna sai na ga mai ya taso ja a gefen tukunya. Maigida ya shigo daga masallaci, ya tsaya a bakin madafa bai ce komai ba, sai ya ce in zuba a kwano a fara kai wa Baba. Kwanon ya dawo wayam. Inna, ranar Asabar tarwaɗa zan yi. Tsamiyar kafin kifi take shiga ko bayansa?