Neman shawara: azurfar da na ci a gwanjon intanet ta fara nuna ja a gefe

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina bin tattaunawarku ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Shekara biyu ke nan ina mayar da ɗan abin da na samu azurfa ina ajiyewa, don kada kuɗi su narke mini a hannu. Da ma wurin dillali ɗaya nake saye. Mako uku da suka wuce na ga wani a shafin gwanjo ya sa ƙananan sandunan azurfa goma, kowace oza ɗaya, haɗe da sulallan Amurka masu hoton mikiya guda uku. Na taya, na kuma ci, a ƙasa da farashin azurfa na ranar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wallahi na kwana ina murna.

Kaya sun iso yau kwana goma sha biyu. Shekaranjiya ina goge wata sanda sai na ga kusurwarta ta yi ja-ja kamar tagulla. Na kara maganaɗisu bai kama ba, na ɗora a sikelin kicin ya nuna giram 31. Da na koma tallan na karanta a tsanake, a sama an rubuta "999 silver" da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma da ƙanana an sa "100 mills clad". Sulallan ba a ce komai a kansu ba.

Na shigar da ƙorafi a shafin. Mai kayan ya ce zai mayar mini da rabin kuɗina ta wata hanya daban idan na janye ƙorafin na kuma yi masa shaidar kirki. In karɓa ne? Ta yaya zan tabbatar jabu ne ba tare da na lalata kayan ba? Ku taimaka, guminmu ne ni da iyalina.

Mai tara sulalla

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ƙanena. Kafin komai, kada ka janye ƙorafin nan. A yawancin shafukan gwanjo idan ka rufe ƙorafi da hannunka ba a sake buɗe shi, shi ya sa yake lallaɓa ka. Ka rufe yau, gobe ka neme shi ka rasa, rabin ma ba za ka gani ba. Duk maganar da za ku yi ta tsaya cikin saƙonnin shafin, don nan ne kaɗai masu shafin za su iya gani.

Kuma ka duba wa'adi. Wasu shafukan kwana 30 suke bayarwa daga ranar da kaya ya shiga hannunka, ka riga ka ci goma sha biyu. Ka ɗauki hoton tallan gaba ɗaya yanzu-yanzu, sama da ƙasa, kafin ya goge shi.

Wani ɗan'uwa

Ni dai a sanina tunda maganaɗisu bai kama ba, to azurfa ce. In kuma kana kokwanto ka sa magagari ka ɗan ci gefen ɗaya, gani ya kori ji.

Tsohon maƙerin azurfa

A'a ɗana, kada ka ba shi wannan shawarar. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa. Bai kama tagulla, bai kama dalma, bai kama tutiya, kuma da waɗannan ake yin yawancin jabun. In ya kama, ka san jabu ne, in bai kama ba, ba ka san komai ba tukuna. Magagari kuwa gaskiya zai faɗa, amma da zarar ya ci kayan mai sayarwa zai ce kai ka lalata, ya ƙi karɓa. A bar shi sai an gama shari'a.

Mai tambaya, ka saurare ni da kyau. Sama da shekara talatin ina narka azurfa, kuma abin da mai jabu ya kasa ci har yau shi ne nauyi da girma a lokaci guda. Kowane ƙarfe da irin nauyin da Allah ya yi masa. Ka ɗauki curi mai santimita ɗaya ta kowane gefe: na azurfa giram 10.49 ne, na tagulla 8.96, na dalma 11.34. To mai jabu yana tsaka mai wuya. In ya yi sulen tagulla daidai girman na gaske, zai yi sauƙi, wajen giram 26 da rabi maimakon 31. In kuma ya cika nauyin, dole ya ƙara kauri ko faɗi. Yawancinsu kauri suke ƙarawa, don sun san mutane sikeli suke ɗorawa, ba kasafai suke auna kauri ba.

Sulen mikiya na gaske nauyinsa giram 31.1, faɗinsa milimita 40.6, kaurinsa 2.98. Ka nemi ɗan sikelin da ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, na kicin ba ya wannan aikin, da ma'aunin kauri irin na masu gyaran inji. In ka ga nauyi ya cika amma kauri ya doshi uku da rabi, magana ta ƙare.

Wani abu kuma da ake cutar mutane da shi: ozar azurfa da zinariya giram 31.1 ce, ita ake kira "troy". Ozar sauran kaya giram 28.35 ce. Akwai masu rubuta oza ɗaya kawai su aiko maka da ƙaramar, in ka yi magana su ce ai ba su yi ƙarya ba.

Wannan jan da ka gani, ruwan azurfa ne ya goge, tagullar ciki ta leƙo. Azurfar gaske in ta daɗe dushewa take yi, ta yi ɗorawa-ɗorawa har ta yi baƙi, in ka goge ta koma fara tas. Ba ta yin ja a kusurwa.

Malamar kimiyya

Baba ya gama magana, zan ƙara yadda za ka yi da sandunan, tunda su ba su da girma ɗaya tsayayye, kowane kamfani da nasa. Ruwa zai raba gardama.

Ka auna sandar a bushe ka rubuta. Ka ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikeli, ka danna ya koma sifiri. Ka ɗaure sandar da siririn zare ka zura ta cikin ruwan har ta nutse duka, kana riƙe da zaren, kada ta taɓa ƙasan kofin ko gefensa. Lambar da sikeli ya nuna ita ce girmanta. Sai ka raba nauyin farko da wannan lambar. Azurfa tsantsa mai giram 31.1 za ta nuna kusan 2.96, in ka raba ka samu 10.5. Tagulla za ta nuna wajen 3.5, amsa ta faɗo ƙasa da 9. Ka maimaita sau uku, ka kaɗe kumfar da ke maƙale a jikinta. Ka kuma ɗauki bidiyon duk aikin, hujja ce.

Game da maganaɗisu, akwai gwajin da ya fi kara shi: ka jingina sandar a karkace ka saki ɗan ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi daga sama. A kan azurfa a hankali yake gangarowa kamar ana riƙe shi. Matsalar ita ce tagulla tsantsa ma haka take yi. Gwajin ɗora ƙanƙara a kai don ganin saurin narkewarta shi ma haka, azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar zafi, amma tagulla na biye da ita kurkusa, ido ba zai raba su ba. Bidiyoyin da ke yawo suna nuna waɗannan gwaje-gwajen kamar sun wadatar suna ɓatar da mutane, abin yana damuna ƙwarai.

Ko na'urar haske da masu sayen zinariya ke harbawa a jikin ƙarfe fatar sama kawai take karantawa, in shafen ya yi kauri sai ta ce azurfa ce. Akwai jabu masu tsada da ake haɗa ƙarafa don nauyin ya matso kusa da na azurfa, su sai na'urar da ke auna yadda lantarki ke ratsa cikin ƙarfen. Amma wanda kusurwarsa ta fara ja cikin kwana goma ba ya cikin wannan ajin.

Mai tara sulalla

Bari in dawo kan kalmomin tallan, don a nan suke ɓuya. "Clad", "plated", "layered" da "100 mills" duk abu ɗaya suke nufi: wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa. Lambar 999 da ke sama, wadda ke nufin azurfa tsantsa, tana maganar shafen ne kawai, wanda bai kai kaurin gashi ba. Mafi muni shi ne "German silver" ko "nickel silver", wato wai azurfar Jamus. Haɗin tagulla da nikel da tutiya ne, babu ko ɗigon azurfa a ciki. "Tibetan silver" ma yawanci haka take. Suna sa kalmar a ƙasa ne don in rigima ta tashi su ce ai sun faɗa.

Saboda haka zai yi ƙoƙarin kare kansa a kan sandunan. Ka tsaya a kan cewa kan tallan da tambarin da ke jikin sandar duk sun ce azurfa tsantsa oza ɗaya, kaya kuma ba haka yake ba. A kan sulallan kuwa ba shi da mafita ko kaɗan. Sulen mikiya kuɗin gwamnatin Amurka ne, dala ɗaya aka rubuta a jikinsa, buga na jabu laifi ne babba. Tun 1973 akwai doka a can da ta ce duk kwaikwayon sulen tarihi sai an buga masa kalmar "COPY" a jiki.

Ka duba shekarar da ke jikinsu. A 1986 aka fara buga su, duk wanda ya nuna shekara kafin nan jabu ne. A tsakiyar 2021 aka sauya bayan sulen: tsohon mikiya ce ta buɗe fukafukai da garkuwa a ƙirji da taurari 13 a samanta, sabon kuma mikiya ce tana sauka riƙe da reshen itace. Masu jabu sukan haɗa gaban wata shekara da bayan wata.

Wata 'yar'uwa

Yaya, ni ma an taɓa yi mini, shi ya sa labarinka ya taɓa ni. Abin da ya ruɗe ni shaidun yabo ɗaruruwa a shafin mutumin. Sai daga baya na buɗe su ɗaya-ɗaya na ga duk na ƙananan tarkace ne da ya sayar shekarun baya, ba ko ɗaya na azurfa. Wani lokacin ma asusun wani bawan Allah ne aka sace ake amfani da sunansa. Hoton kuma na kamfanin da ke buga sulen ne ya kwafo, ba na kayan da ke hannunsa ba. Ni ta banki na samu kuɗina, da yake da kati na biya. In shafin ya ƙi ka, je bankinka da hujjojinka, su ma suna da wa'adi.

Tsohon maƙerin azurfa

Zan faɗa maka wata magana ba don in ƙara maka zafi ba, ɗana. Azurfa tana da farashin duniya, kowace ranar aiki da tsakar rana ake tsayar da shi a Landan, kowa na iya dubawa a waya. Mai azurfar gaske zai iya shiga wurin kowane dillali ya karɓi kusan wannan farashin nan take. To me zai sa ya sayar maka da ragin kashi ɗaya cikin uku, ya biya ladan shafi, ya biya kuɗin aike? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sule da sanda na gaske kullum a saman farashin ake sayar da su, saboda kuɗin bugawa.

Kuma ina roƙonka, ko da kuɗin ba su dawo ba, kada ka tura wa wani kayan nan. Na sha ganin wanda aka cuta ya je ya cuci na gaba don ya rage asara. Algus ne, kuma ranar da aka kama, kai za a riƙe.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta shige ni, kwaɗayin araha ne ya rufe mini ido, kuma in sha Allahu ba wanda zai karɓi kayan nan daga hannuna.

Na ari sikeli da ma'auni na yi yadda Malama ta ce. Sandunan sun cika giram 31.1, amma a ruwa sun nuna 3.6, amsa ta ba ni 8.6. Sulallan faɗinsu daidai, kaurinsu 3.5. Yaya, na juya bayansu: biyu an rubuta 2019 amma mikiya mai sauka ce a jiki. Na tura bidiyo da hotuna cikin ƙorafin, na gaya wa mai kayan ba zan janye ba. Yanzu ya ce in mayar masa da kaya zai biya duka. In aika?

Mai tara sulalla

Kada ka aika don shi ya ce. Jira masu shafin su ba ka umarni a rubuce, da adireshin da suka amince da shi, don wani lokacin in kayan jabu ne ba sa ma cewa a mayar. In sun ce ka aika, ka yi bidiyo kana naɗe kunshin, ka aika ta hanyar da ke da lambar bibiya da sa hannun wanda ya karɓa, ka riƙe rasit. Ka kuma kai rahoton sauran tallansa, don na tabbata akwai wasu sanduna goma a can ana tayawa yanzu haka.